Duba Ƙananan Makarantu: Abin da Sufeto Ke Nema

Khaddamari ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jere a Jihar Borno, ba ta da nisa daga Maiduguri. Ƙasar noman shinkafa ce, wadda ruwan kogin Ngadda ke shayarwa, mazaunanta kuwa galibi Barebari ne da Larabawan Shuwa. A ƙauyukan irin wannan yanki akan sami 'yar makarantar firamare mai ɗaki uku ko huɗu, hedimasta shi ne shugaba, shi ne malamin aji, shi ne kuma akawu. Irin wannan makaranta ita ta fi kowace bukatar a riƙa duba ta, gama malami ɗaya in ya yi fashi, kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na karatun ranar ya tafi ke nan.

Duba makarantu ba baƙon abu ba ne a Borno. Sa Kashim Ibrahim, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962, ya yi shekaru yana aikin malami mai zagaya makarantun lardin kafin ya shiga siyasa. A 1973 Gwamnatin Tarayya ta kafa sashen sufetocinta na ilmi. Da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba 1976, yara suka yi ta kwararowa fiye da yadda aka yi tsammani, har masu dubawa suka yi kaɗan. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta mai da karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta kuma tilas, ta ɗora kulawa da shi a kan hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha da hukumar ilmi ta kowace ƙaramar hukuma. Daga nan ne galibin masu zagayawa ke fitowa.

To, me sufeto ke nema? Sufeto na ƙwarai da sassafe yake sauka, tun ba a kaɗa ƙararrawa ba, don ya ga lokacin da malamai ke isowa. Wannan yana da muhimmanci musamman a kusa da babban gari, inda malami kan iya zama a Maiduguri yana zuwa aiki kullum, lattinsa kuwa yara ke biya. Sa'an nan ya karɓi rajista, ya ƙirga yaran da ke zaune da idonsa, ya gwada da abin da aka rubuta. In rajista ta ce hamsin, shi kuwa ya ga ashirin da biyu, ba zai yi saurin zargi ba. Zai tambaya tukuna: lokacin yankan shinkafa ne? Ranar kasuwa ce? 'Yan mata ne suka fi ƙaranci? Kowace amsa da maganinta dabam. Tsarin ilmi na ƙasa ya nemi malami ɗaya ga yara 35, saboda haka lissafin ƙarya yakan sa a kai malamai da littattafai inda ba a bukata, a hana inda ake kuka.

Amma fa zuciyar aikin tana cikin aji. Sufeto zai zauna a baya ya saurari darasi tun daga farko har ƙarshe. Ba zai ruɗu da yara masu amsawa baki ɗaya da ƙarfi ba, domin aji yakan iya rera abin da ke kan allo alhali ba wanda zai iya nuna harafi guda. Sai ya kira yaro ɗaya daga layin baya, ya ba shi jimlar da bai taɓa gani ba ya karanta, ya ba wata yarinya lissafin kuɗin cefane. Zai ɗauki littattafan rubutu ba tare da malami ya zaɓar masa ba, ya ga ranar da aka yi gyara na ƙarshe. Yaron da Kanuri ko Shuwa ne harshensa na gida, in ya yi shiru, a gwada shi da harshen nasa kafin a ce bai sani ba. Sau da yawa tambayar ce bai ji ba.

Game da shugabanci, ana auna hedimasta da abubuwa kaɗan. Shin yana shiga ajin malamansa ya ga koyarwarsu? Yana sa hannu a shirin darasi bayan ya karanta, ko kuwa sa hannu kawai yake yi? Kuɗi da kayan da suka shigo suna rubuce? A ganinmu, hedimastan da ya san sunan yaron da ya daina zuwa, ya kuma taka har gidansu, ya fi wanda ofishinsa ke cike da jadawali masu kyau a bango. A yankin Jere akwai ƙarin nauyi biyu. Rikicin Boko Haram ya kawo dubban 'yan gudun hijira, cikinsu da yaran da suka yi shekaru ba karatu, waɗanda ke bukatar a koma da su tushe ko da sun girma. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba 2024 kuma ta shafi Maiduguri da Jere, don haka inda ruwa ya shiga, lalle a duba bango, da rijiya, da makewayi, da takardun da suka lalace.

Iyaye, ku ma da hannunku a ciki. Kowace makaranta ya kamata ta sami kwamitin gudanarwa na jama'ar gari, wanda ya haɗa da mai unguwa ko bulama, da malaman addini, da wakilan iyaye maza da mata. Ranar da sufeto ya zo, ku fito ku faɗa masa abin da kuka sani, kada ku ɓoye don kunyar malami, kada kuma a aro yara ko kujeru daga wani wuri don a burge baƙo. Kafin ya tafi zai rubuta abin da ya gani a littafin baƙi. Shugaban kwamiti ya nemi a karanta wa jama'a shi, a rubuta abin da aka ce za a gyara da wanda zai gyara. In zango ya ƙare ba a ga kome ba, sai a kai maganar ofishin Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma a rubuce, a riƙe kwafi.