Amsoshin Tambayoyinku: Farfaɗiya Tana Kashe Yaro Farat Ɗaya?

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi ce ta aiko da wannan tambaya.

Malama, tana iya kashewa, amma ba kasafai ba. Yawanci cikin barci ne, bayan jijjiga mai tsanani numfashi ya ɗauke. Yaron da ke yawan faɗuwa da dare ya fi shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu cutar za su iya daina faɗuwa idan sun samu magani daidai, don haka kada ki dakatar da maganinsa wai don kin ga sauƙi.

Idan farfaɗiyar ta tashi, ki kwantar da yaron ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kuma yawunsa ba ya yaɗa cutar. Idan ta wuce minti 5, sai asibiti.