Noman Furannin Ƙawa da Cinikinsu a Kudancin Jigawa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin fure, amma galibi a matsayin abin da ke gabatar ɗan itace. Daga baya ne rayuwar birane ta zo da al'adar shuka fure domin ado kawai, wanda jama'a ke kira fulawa. Wannan darasi zai dubi yadda ake wannan sana'a, da fannin da ya fi dacewa da manomin Birnin Kudu da Gwaram.

2.0 Rabe-Raben Sana'ar

Masana sun kasa cinikin furanni gida biyu. Kashi na farko shi ne furen yanka, wato wanda ake yankowa da karansa a ɗaure dami-dami domin kyauta ko ƙawata wurin biki. Kashi na biyu kuwa shi ne dashe, wato shukar da ake reno a leda ko tukunya, a sayar da ita da ranta.

A fagen furen yanka, kasuwar gwanjo ta Aalsmeer da ke ƙasar Holan tana cikin mafiya girma a duniya. A Afirka kuma, Kenya ta yi fice wajen noman wardi a gefen tafkin Naivasha, inda tsayin ƙasa ya kusa mita 1,900 daga teku, ga kuma sanyi. Da zarar an yanke furen sai a sa shi a ɗakin sanyi, a kai shi Nairobi, jirgin sama ya wuce da shi Turai. In sanyin nan ya yanke a hanya, fure ya yi yaushi, jari kuma ya salwanta.

3.0 Yanayin Birnin Kudu da Gwaram

Waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna cikin yankin da ya fi samun ruwan sama a Jihar Jigawa, ga kuma fadamu da ake noman rani. Sai dai zafin watan Afrilu kan kai digiri 40, ga ƙarancin wutar lantarkin da ɗakin sanyi ke buƙata. Saboda haka furen yanka kasada ce babba ga ƙaramin manomi. Dashe ya fi masa rufin asiri, domin abin da bai sayu ba yau, gobe girma zai ƙara, kuɗinsa ma ya ƙaru.

Masu saye kuwa ba su yi nisa ba. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991, Dutse take ta bunƙasa da ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata, kuma duk suna neman abin ƙawata haraba. Haka nan titin Wudil yana sada Birnin Kudu da Kano.

4.0 Matakan Renon Dashe

(a) A zaɓi wuri kusa da rijiya ko burtsatse, a yi masa rumfar zana da shinge saboda awaki.
(b) A haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa.
(c) A cika baƙar leda, a huda gindinta domin ruwa ya riƙa tsiyayewa.
(d) A soka yankakken reshe ko a shuka iri, a riƙa ban-ruwa da sassafe ko da la'asar.
(e) A fara da masu jure fari, irin su kariya da lalle. A kula, ruwan jikin kariya guba ne.

Mai hikima kan fara reno da rani, domin haja ta isa sayarwa a farkon damina, lokacin da kowa ke son dasawa.

5.0 Darasi Daga Zoɓo

Jigawa tana sahun gaba wajen noman zoɓo a Nijeriya, kuma ana fitar da shi har ƙasar Meziko. Ba don ado ake sayensa ba, amma ya nuna cewa kayan fure na iya kai wa kasuwa mai nisa muddin an shawo kan lalacewarsa. Zoɓo shanya ce ta cece shi. Dashe kuwa saiwarsa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ribar wannan sana'a ba ga kyan fure kaɗai ta dogara ba, har da tsawon kwanakin da zai yi bai lalace ba kafin ya isa hannun mai saye.

Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin furen yanka da dashe.
2. Me ya sa wardi ya karɓi Naivasha?
3. Kawo dalilai biyu da suka sa dashe ya fi dacewa da manomin Gwaram.