Mota mai kukan sitiyari

Ran talata da safe malaminmu ya kai mu wani gareji da ke kusa da tashar mota ta Tawa. Mun tarar da maigidan gareji da yaransa biyu suna aiki. Ba mu daɗe ba sai ga wata Toyota mai ɗaukar kaya ta shigo. Direbanta yana jigilar albasa ne daga Galmi.

Bayan sun gaisa, direba ya ce: «Maigida, motar nan kuka take yi, yau kwana 10. Ka ɗan ɗaure mini ƙusoshi in wuce, gobe ina da lodi.»

Maigida ya ce: «Ba a ba mutum magani sai an san ciwonsa. Wane irin kuka ne? Yaushe kake jin shi?»

Direba ya ce: «In na faɗa rami ko na hau hanya mai gargada, sai in ji ƙwas-ƙwas a gaba, hannun dama. Sitiyarin kuma yana wasa a hannuna.»

Maigida ya kira mu muka matso. Ya nuna mana yadda sitiyari yake aiki. In direba ya juya shi, wata sanda tana kai juyin zuwa akwatin sitiyari. Daga akwatin, sandunan ƙarfe suna tura ƙafafun gaba dama ko hagu. A bakin kowace sanda akwai wata gaɓa mai kama da ta kafaɗar mutum. Makanikai suna ce mata rotil. Tana cikin wata ƴar roba cike da girisi.

Yaran suka sa duwatsu a ƙafafun baya. Suka ɗaga gaban mota da jak, suka tokare ta da ƙarfen tokara. Maigida ya ce: «Yara, ku duba da kyau. Ba a shiga ƙarƙashin mota in jak kaɗai ke riƙe da ita.»

Ya kama ƙafar dama da hannu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya girgiza. Ba ta motsa ba. Sai ya kama ta gefe da gefe ya girgiza. Nan take muka ji ƙwas-ƙwas. Yaronsa ya leƙa ya ce: «Maigida, robar rotil ta yage.»

Muka leƙa mu ma. Girisi ya zube, rairayi ya shiga, ya cinye ƙarfen har gaɓar tana rawa cikin gidanta.

Direba ya ce: «Ba za ta kai ni Galmi in dawo ba? Kuɗi sun yi mini kaɗan.»

Maigida ya ce: «Ƙanena, in gaɓar nan ta fice kana gudu, ƙafar za ta bi inda ta ga dama. Ko ka juya sitiyari ba za ta ji ka ba. Mutum nawa kake ɗauka?»

Direba ya yi shiru, sa'an nan ya ce: «A canza.»

Maigida ya kwance tsohuwar rotil yana ƙirga juyi. Ya ɗaura sabuwa da juyi daidai da na tsohuwar, ya ɗaure ta tam. Ya ce wa direba ya kai mota a auna ƙafafun gaba a daidaita su, don in ba su daidaita ba taya tana cinyewa gefe guda. Da suka zagaya da mota suka dawo, kuka ya ɗauke.

Kafin mu tafi, maigida ya gaya mana waɗansu koke-koken. Motoci da yawa suna da famfon mai da ke sa sitiyari ya yi laushi. In an ji gurnani lokacin juyawa, a duba man: ko ya ragu, ko yana yoyo, ko iska ta shiga cikinsa. In an ji ƙara mai tsini kamar fito, igiyar robar da ke juya famfon ce ta saki ko ta tsufa. In kuma mota mai ja da ƙafafun gaba tana yin ƙas-ƙas-ƙas wajen shan kwana, a duba kardan. Akwai motocin da lantarki ke taimakon sitiyarinsu. An fara yin su a Japan a 1988. Su ba su da wannan famfo, ba a zuba musu mai.

Mu riƙe

Kowane kuka yana da dalilinsa. Makanike yana tambaya, ya saurara, ya gwada, sa'an nan ya gyara. Direban kirki ba ya jira sai abu ya karye.

Kalmomi

Sitiyari: abin da direba ke juyawa don mota ta karkata. Da faransanci: le volant.
Rotil: gaɓar ƙarfe mai juyawa ko'ina. Da faransanci: la rotule.
Jak: abin ɗaga mota. Da faransanci: le cric.
Girisi: mai mai kauri da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Da faransanci: la graisse.

Tambayoyi

1. Waɗanne tambayoyi maigida ya yi wa direba?
2. Me yaran suka yi kafin a taɓa ƙafar mota?
3. Me ya lalata rotil?
4. Don me direba ya yarda a canza ta?
5. Me ya sa ake daidaita ƙafafun gaba bayan gyara?

Aiki

Ku zana sitiyari da sandunansa da ƙafafun gaba. Ku rubuta sunan kowane sashe da hausa da faransanci.