Damina ba ta wanke maganin ƙwari daga laka

Da rani ya kama, masu lambu daga kwaruruwan Unguwar Shanu har bakin Kogin Kaduna sukan wanke famfon feshi a rafi, su wurga kwalaben magani cikin kwalbati. In ka yi magana, amsar ɗaya ce: ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa, damina za ta tafi da komai. Wannan zance ba shi da tushe, kuma abin takaici har masu sayar da maganin suna yaɗa shi.

Magunguna irin su DDT da Gamalin da endosulfan da ƙyar suke narkewa a ruwa. Laka da ruɓaɓɓen ganye suke manne wa, su kwanta a ƙasan rafi. DDT kan yi shekaru a ƙasa kafin ko rabinsa ya lalace. Don haka ruwan sama yakan tayar da lakar ne kawai, ya shimfiɗa ta a fadamar da za a shuka alayyafo da latas. Wadda ta rage kuwa tsutsotsi su ci, tarwaɗa da ke kwana cikin taɓo ta ci su, dafin ya taru a kitsenta, daga nan sai jikin mai ci, har nonon mai shayarwa. Suya ba ta kawar da shi, ƙyafewa ma haka. A daina cewa wuta ta kashe dafi. Wuta ƙwayoyin cuta take kashewa.

Wani zai ce ai an haramta waɗannan tuni. Haka ne: Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita DDT, aka ƙara sinadarin Gamalin a 2009, endosulfan a 2011. Amma haramci a takarda ba ya tsame abin da ya riga ya kwanta a laka, kuma har yau ana sayar da magani a kwalba marar suna. Wani kuma zai ce na zamani saurin lalacewa suke yi. Wasunsu haka ne, sai dai kafin su lalace sun gama da kwaɗi da ƙananan kifayen da ke cinye tsutsar sauro.

Abin yi ba wuya. A ɗauraye kwalbar magani sau uku, a juye ruwan cikin famfo a fesa a gona, sannan a huda kwalbar don kada wani ya zuba man gyaɗa a ciki. A haɗa magani nesa da rafi, a bar ciyawa tsakanin kunya da bakin ruwa. Lakar da aka yashe daga kwalbati ba taki ba ce, kada a kai ta lambu. Kifin da aka tsinta yana yawo a mace, kada a karɓa ko da kyauta ne.

Hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna, KEPA, kuma, in za ta yi gwaji, ta ɗebo laka da naman tarwaɗa, domin ruwan sama-sama yana iya fitowa garau alhali dafin na ƙasa. Ta kuma sanar da sakamakon da Hausa a rediyo, inda manoma za su ji.