Amsoshin Tambayoyinku: Amfanin Ƙawata Aji ga Yara

Wata malamar firamare daga Funtuwa ta aiko da tambaya: ta yaya ƙawata aji ke sa yara su saki jiki da makaranta?

Ƙawata aji shi ne gyara ɗakin karatu da zane-zane, launuka da kayan koyarwa, domin yaro ya ji wurin nasa ne. Yaron da ya baro gida karon farko yakan shigo yana ɗari-ɗari. Idan ya ga hoton tulu, raƙumi ko itacen kuka a bango, abubuwan da ya saba gani, sai hankalinsa ya kwanta.

Ana manna haruffa da lambobi daidai idon yara, ba can sama ba. Ana kuma liƙa zanen da suka yi da hannunsu, kowanne da sunan mai shi, domin ya ƙara musu ƙwarin gwiwa.

Ƙawata aji ba ya cin kuɗi. Kwali, karan dawa, ƙwarya da ƙyallayen tela sun wadatar. Sai dai ba a cika bango har ya raba hankalin yara, ba a kuma toshe tagogi, domin aji na buƙatar haske da iska.