Kurakuran Da Ya Kamata A Guje Musu A Takardar CV

Kowace shekara matasanmu suna kammala karatu a Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Mando da sauran makarantun Kaduna, su shiga neman aiki. Abin da ke fara isa teburin mai ɗaukar ma'aikata shi ne takardar tarihin karatu da aiki, wato CV. Sau da yawa a wannan takarda ake kayar da mutum tun ba a ga fuskarsa ba.

Kuskure mafi girma shi ne rubuta abin da ba haka yake ba. A shekarar 1999, Salisu Buhari ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai bayan an gano cewa bai yi karatu a Jami'ar Toronto ba, kuma ya ƙara wa kansa shekaru. A 2018 Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki saboda takardar yafe hidimar ƙasa da ta gabatar ta zama jabu. In manya irin waɗannan ba su tsira ba, ina ga ɗan talaka? Matasanmu rage shekaru suka fi yi, don wasu ma'aikatu sukan sa iyakar shekaru. Amma ranar haihuwa tana nan a takardar haihuwa, da lambar NIN, da katin baftisma, kuma ranar tantancewa za a jera su gefe da gefe.

Akwai kuma tuntuɓen da ba na ƙarya ba ne, amma yana cutar da mu ƙwarai, wato sha'anin suna. Yaro yana da sunan gida, da sunan baftisma, da wanda ya ɗauka ranar Ƙarfafawa. Sai ka ga Bulus a takardar firamare, Paul a ta WAEC, sannan wani suna na uku ya ɓullo a CV. Mai dubawa ba shi da lokacin warware wannan ƙulli. A rubuta suna daidai yadda yake a takardun makaranta, harafi da harafi. In akwai saɓani, a je kotu a yi takardar rantsuwa tun kafin a buɗe gurbin aiki.

Shafi ɗaya ko biyu sun ishi wanda bai daɗe da gama makaranta ba. A fara da karatu ko aikin da ya fi kusa, a koma baya, kuma a ba wani ya duba rubutun kafin a buga. Lambar waya ta zama wadda ke aiki.

Game da masu ba da shaida, mutane sukan sa sunan Fada ko katekis ba tare da sun sanar da shi ba. Ran da aka kira shi, sai ya ce bai gane wanda ake nufi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ka je ka gaishe shi, ka nemi izininsa, ka bar masa kwafin takardar.