Yatsan Kaka: Yadda Dukan Mata Ke Bin Zuri'a, Da Yadda Ake Tsayar Da Shi

Ƙaramin yatsan hannun hagu na kakata a karkace yake. Tun muna yara muke ganinsa in tana murza ƙuli-ƙuli, kuma duk wanda ya tambaya sai ta ce ai ƙyauren ɗaki ne ya datse ta. Sai da na shiga ND 2, na je hutu, muna ɓarar gyaɗa mu biyu a tsakar gida, sannan ta faɗa min gaskiya ba tare da na tambaya ba. Muciya ce. Kakanmu, Allah Ya jiƙansa, ya dawo daga kasuwa tuwo bai sauka ba, ya fizge muciyar daga hannunta, ita kuma ta kare fuska da hannu. Ko wurin mai ɗori ba a kai ta ba, don kada unguwa ta ji.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance, kwanaki a darasin GNS malaminmu ya kawo batun cin zarafi a gidan aure, sai wani daga bayan aji ya ce, "Malam, ai wannan gyara ne." Aka kwashe da dariya, har da mata. Ni ma na yi murmushi, wallahi, don kada a gane abin ya taɓa ni. Tun ranar nake karance-karance a kan lamarin, kuma ga abin da na fahimta.

Mu fara da alƙaluma. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018, wanda ake kira NDHS, ya nuna kashi 31 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko makamancinsa. Cikin waɗanda suka taɓa aure, kashi 36 sun ce miji ya taɓa cutar da su, ko da hannu, ko da baki, ko da tilastawa a shimfiɗa. Kashi 55 na waɗanda aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimakon kowa ba. Amma lambar da ta fi tsaya min a rai ita ce wannan: da aka tambayi mutane ko miji na da hujjar dukan matarsa in ta ƙona abinci, ko ta yi masa gardama, ko ta fita ba izini, ko ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi shi a shimfiɗa, kashi 28 na mata sun amince da aƙalla dalili ɗaya. Maza kashi 21 ne. Ku lura fa, matan sun fi mazan yarda.

Da farko na yi mamaki. Daga baya na tuna Umma.

Umma ta tashi tana ganin ana dukan uwarta, ta kuma auri mai duka. Sau uku tana yin yaji ina da wayo. Duk ukun, Kaka ce da kanta ta riƙo mata akwati ta mayar da ita, wani lokacin ma tun kafin Baba ya turo biko. Kaka mai karyayyen yatsa! Abin da take faɗa kullum ɗaya ne: "Ni da na haƙura mutuwa na yi? Koma ɗakinki, kina da 'ya'ya." Na daɗe ina jin haushinta a kan haka. Yanzu na gane ba mugunta ba ce. A duniyar da ta sani, bazawara mai 'ya'ya huɗu ba ta da wurin zama, kuma yaran za a karɓe su ne a bar wa kishiya. Tsoro ne ya sa ta ba 'yarta maganin da ita ma aka ba ta.

To yaya abin ke tsallakawa daga iyaye zuwa 'ya'ya? Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bibiya. A 1961 Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya yi wani gwaji da ƙananan yara. Wasu ya sa suka kalli babban mutum yana jibgar wata 'yar tsana ta roba mai iska, yana naushi, yana buga mata guduma. Wasu kuma ba su ga haka ba. Da aka bar kowane yaro da 'yar tsanar, waɗanda suka ga dukan sun fi kai mata duka, har suna kwaikwayon salon da suka gani. Babu wanda ya ce musu su yi. Ido kawai ya ɗauka. Yaron da ke leƙe ta bayan labule yana ɗaukar darasi ne: namiji ya koyi cewa haka ake kashe gardama, mace ta koyi cewa haka aure yake. Shi kansa binciken NDHS ya samu cewa matan da suka ce ubansu yana dukan uwarsu sun fi sauran faɗawa hannun miji mai cutarwa.

Kuma ba a hali kaɗai tabon yake tsayawa ba. Tsakanin 1995 da 1997, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da kamfanin lafiya na Kaiser Permanente sun tambayi manya sama da 17,000 irin wahalhalun da suka gani suna yara. Ganin ana dukan uwa yana cikin jerin. Sakamakon ya nuna gwargwadon yawan wahalhalun da mutum ya taso a ciki, gwargwadon yadda haɗarin ciwon damuwa, shaye-shaye, har da ciwon zuciya ke ƙaruwa a kansa bayan ya girma. Ni dai na san har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi a hostal sai gabana ya faɗi. 'Yan ɗakinmu na min tsiya wai matsoraciya.

Akwai tambayar da kowa ke yi: "To me ya hana ta fita?" Wata masaniya, Lenore Walker, ta yi bayani a littafinta na 1979 cewa abin zagaye yake yi. Da farko gida ya yi tsami, miji na ta ƙorafi, mata na tafiya a kan yatsu. Sai abin ya fashe, a yi dukan. Sai kuma lallashi: ban-haƙuri, rantsuwa, kyauta. A gidanmu lallashin tsire ne da turmin atamfa. In muka ga Baba ya shigo da ƙunshin tsire ranar da ba albashi aka yi ba, mun san na mene ne, mu ci muna sunkuyar da kai. A kwanakin nan yakan zama mutumin kirki na gaske, mai wasa da dariya, kuma wannan mutumin ne Umma take ta jira ya dawo ya zauna dindindin. Ba kowane gida ne ke bin wannan tsari daidai ba, wani ma ba a lallashin kwata-kwata, amma wanda ya taso a irin namu zai gane shi nan take.

Yanzu ga inda nake so 'yan uwana maza su saurara, musamman wanda ya taso a irin wannan gida yake tsoron kansa. Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to a nan karin maganar bai cika gaskiya ba. A 1987 Joan Kaufman da Edward Zigler na Jami'ar Yale sun tattara binciken da aka yi kan yaran da aka ci zarafinsu, suka ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 ne ke maimaita abin a kan nasu 'ya'yan. Adadin ya fi na sauran jama'a nesa, amma ma'anarsa ita ce mafi yawa ba sa maimaitawa. Ina da shaida a gida. Kawunnaina biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, duka ɗaya suka gani. Babban ya gaji hannun ubansa, aurensa uku duk sun mutu. Ƙaramin kuwa shekara ashirin da aure, ko tsawa mai ƙarfi ban taɓa ji ya yi wa matarsa ba. In ransa ya ɓaci sai ya ɗauki buta ya fita. Bambancin da na iya gani shi ne, ƙaramin ya yi shekarun ƙuruciyarsa yana yini a shagon wani tela maƙwabcinsu, dattijo mai sanyin hali, ya ga wata irin rayuwar. Wannan ya yi daidai da abin da Emmy Werner ta samu da ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai har girmansu: kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin mawuyacin hali sun zama mutane masu natsuwa, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun babba ko da ɗaya ne mai kula da su tsakani da Allah.

Sai batun juriyar mata, wanda ake yawan rikita shi da shiru. Kaka ta yi shiru, gaskiya ne, amma ba zaune take ba. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da adashe ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, ta sayi awaki, kuma ita ta saya wa Umma keken ɗinki. Keken nan shi ne ya zama ƙofar fita. Duk wadda ta karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu za ta tuna yadda matar da miji ya kora da tarin 'ya'ya ta tsaya da ƙafarta da sayar da abinci. Irin waɗannan matan suna nan a kowane layi. Abin da nake ƙi shi ne a yaba musu juriya don a samu hujjar barin su cikin wuta. Ranar da Baba ya fasa wa Umma dodon kunne, ina aji uku na sakandare, ba ta yi yaji ba. Asibiti ta je, ta karɓi takardar likita, ta wuce kotun shari'a. Kuma abin mamaki, da aka nemi shaida, Kaka ce ta saka mayafi ta je.

A nan ne na san abin da da yawanmu ba mu sani ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, matar da ta tabbatar da cutarwa tana iya neman alƙali ya raba auren, kuma wannan daban yake da khul'i, inda take mayar da sadaki. Nana A'isha ta ruwaito, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Mai cewa "gyara" ya fara auna kansa da wannan.

Ta fuskar dokar ƙasa kuma, an daɗe ana kokawa da sashe na 55 na kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, domin ya bar wa miji ƙofar "ladabtar" da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, VAPP. Sashe na 19 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya doki abokin aurensa, mace ko namiji. Dokar ta kuma hukunta korar mutum daga gidan aurensa da ƙarfi, da azabtarwa ta baki, ta ba kotu ikon hana mai cutarwa kusantar wanda yake cutarwa. Asalinta ta Abuja ce, inda hukumar NAPTIP ke kula da ita, amma yawancin jihohi sun yi tasu. Kowa ya bincika ta jiharsa. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da WRAPA, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa duk suna karɓar irin waɗannan koke.

Kada wata ta ce ai ni ban yi aure ba tukuna. A nan cikin makaranta ake fara shi. Ina ND 1 na yi wani saurayi, mai kirki, mai kashe min kuɗi. Ya fara da karɓar wayata yana duba saƙonni. Sai ya hana ni zuwa karatun rukuni don akwai maza. Wata rana a bayan laburare ya damƙe min wuyan hannu har sai da ya yi shati, washegari ya zo da shawarma da ban-haƙuri. Da ƙawata ta ga shatin, kun san me na ce mata? "Ai ni na ɓata masa rai, yana da zuciya ne kawai." Ina rufe baki na ji muryar Umma ce ta fito daga bakina, kalma da kalma. Na kalli ledar shawarmar na ga tsiren Baba. A makon na rabu da shi, kuma ba da sauƙi ba, don ina sonsa.

In ƙawarki ce a ciki, kada ki ce mata sakarya, ita ma ta gaya wa kanta hakan sau ɗari. Ki yarda da maganarta, ki ce ta ɗauki hoton raunin ta ajiye a wurinki da kwanan wata, ki raka ta kilinik, ku sanar da wani babba da kuka amince da shi. Ranar da za ta rabu da shi kada ta je ita kaɗai, kada kuma a yi a keɓaɓɓen wuri, domin lokacin rabuwa na daga lokutan da mai duka ya fi zama haɗari. Kai kuma ɗan uwa, in abokinka ya zo majalisa yana alfahari ya mari budurwarsa, dariyar da za ka yi ita yake jira.

Bara aka yi bikin Yayata. Daren kai amarya tsofaffi suka zaunar da ita ana ta nasiha, yi na yi, bari na bari, haƙuri, haƙuri. Da aka zo kan Kaka, ita ma ta faɗi nata haƙurin kamar kowa. Sai ta ɗaga hannun nan na hagu a gaban dangin ango, ta ce, "Amma ranar da ya ɗaga miki hannu, ki taho. Ni zan buɗe miki ƙofa, kuma ba zan riƙo miki akwati ba." Ɗaki ya yi tsit. Gwaggo ta tashi ta fita tana cewa tsohuwa ta zubar mana da mutunci a gaban surukai, kuma har yau in an haɗu a suna ko biki sai ta tayar da maganar.